Dodon Bango: Me Ya Ci Rayuka 331 a Sinimar El Duniya?

Ranar Lahadi, 13 ga watan Mayun 1951, gobara ta tashi a gidan sinimar El Duniya da ke Kano. Kimanin mutum 600 ne ke ciki suna kallo, 331 daga cikinsu ba su sake kwana a gidajensu ba. Fiye da rabin 'yan kallo ke nan a zama ɗaya. Labari irin wannan ba ya kwana a gari guda. A wancan zamani jirgin ƙasa ne ke jigilar labarai, ya ratsa Zariya da Funtuwa da Gusau, ya sauke su a Ƙauran Namoda inda dogo ya tuƙe, daga nan 'yan kasuwa da masu jakuna su ƙarasa da su Zurmi da kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Kafin labarin gobarar ya iso bakin gulbin Gagare ya riga ya rabu biyu: akwai abin da hukuma ta faɗa, akwai kuma abin da gari ya ɗauka.

Gwamna ya naɗa alƙali ya yi bincike, aka saurari shaidu, aka fitar da rahoto cewa zaren fim ne ya kama wuta a ɗakin inji, wutar ta bi rufi ta mamaye zauren. Gari kuwa ya ce azaba ce ta sauka. Wasu suka ce tun ana ginin gidan masu wucewa ke tsine masa, tsinuwar ce ta taru ta zama wuta. Wasu suka ce fim ɗin da ake nunawa ya ƙunshi surar Manzon Allah (SAW). Aka ce waɗanda suka ɗauki gawarwakin sun bi su, aka ce gandirobobin En'e da suka taimaka sun zautu, aka ce fursunonin da aka fito da su aikin kwashe gawa sun yi kwanaki ba sa iya cin abinci. Jita-jitar ta yi ƙarfin da sai da gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta maimaita sanarwar ƙaryatawa ta akwatunan rediyo masu waya, cikin harsuna daban-daban. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya zauna Kano yana bincike a shekarun 1990, ya tattaro wannan daga takardun gwamnati da bakin dattawa cikin littafinsa Signal and Noise na 2008.

Ruwa ba ya tsami banza. Mutane sun karɓi bayani na biyu hannu bibbiyu ne saboda tun kafin gobarar akwai tsoron abin a zukatansu. Dodon bango suke kiransa. To daga ina wannan tsoro ya fito, alhali abin da aka fi nuna wa talakawa bai wuce tsabtar gida da noman auduga ba? Kuma tsakanin alƙali da gari, wa ke da gaskiya? Amsar tana da nisa, sai mun bi sawun na'urar har gidan da aka haife ta.

Majigi a ƙofar fada

An fara nuna fim a Nijeriya a watan Agustan 1903, a zauren Glover da ke Ikko, a shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa. Amma abin da ya fitar da shi daga zaure zuwa fili annoba ce. A shekarun 1920 cutar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi Ikko, sai wani jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers ya soma amfani da hotuna masu motsi yana nuna wa jama'a yadda ɓera ke kawo cuta. Abin ya karɓu, aka sama masa mota mai ɗauke da injin haska fim, a 1939 kuma aka ɗora shi kan sashen da ke shirya fina-finai don ƙasashen da Ingila ke mulka. Daga nan motocin majigi suka bazu lardi-lardi, har da lardin Sakkwato wanda ƙasar Zamfara ke cikinsa a lokacin.

Duk wanda ya riski majigi ya san tsarinsa. Da la'asar a zaga gari a yi shela. Bayan isha'i mota ta tsaya a ƙofar fada ko filin kasuwa, a kafa farin ƙyalle ko a nufi farin bango, a tayar da janareta. Hakimi da manyan gari a kan kujeru, yara a ƙasa gaba-gaba, mata can gefe. Sai wani dogon haske ya keto duhu, ƙwari na yawo a cikinsa, mutane su bayyana a jikin bango suna tafiya, bakinsu na motsi. Da yawan waɗannan fina-finai ba su da magana, mai sharhi ne ke riƙe da lasifika yana faɗin abin da ake ciki da Hausa. Ana nuna haƙa masai da allurar rigakafi da shuka gyaɗa a layi da ziyarar manyan baƙi, wani lokaci a sa barkwancin Charlie Chaplin don kada taro ya watse. A shekarun 1950 Baban Larai, wanda aka shirya don ƙarfafa noman auduga, ya yi tashen da har yau dattawa ba su manta sunansa ba.

Dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, daidai lokacin da fim marar magana ke ban kwana a Amurka da Turai, domin tun 1927 The Jazz Singer ya buɗe zamanin fim mai sauti. Abin da ya tsufa a can shi ya zo mana sabo. Kakanninmu sun gamu da fim a siffarsa ta fari: baƙi da fari, bebe, cikin duhu. A wannan siffa kuwa su kansu Turawa sai da tsikar jikinsu ta tashi. A 1896 marubucin Rasha Maxim Gorky ya kalli fina-finan 'yan'uwan nan Lumière a baje-kolin Nizhny Novgorod, ya rubuta a jarida cewa ji ya yi kamar ya leƙa duniyar inuwoyi, wadda ba ta da launi ba ta da sauti, har abin ya tuno masa da labaran fatalwa da na matsafa. Abin da Gorky ya ji shi manomin Zurmi ya ji. Shi ne kuma ya sa malamanmu suka tsaya suna tambaya: surar da ke motsi kamar mai rai alhali babu ruhi a cikinta, mene ne hukuncinta? Mutumin da aka binne bara, a gan shi bana yana tafiya a bango, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce ga wanda ya san girman sha'anin rai da mutuwa.

Fitilar da aka raina da fatalwa

Kakar majigi wata fitila ce da masanin Holan, Christiaan Huygens, ya ƙera wajajen 1659. Akwati ne mai fitila a ciki da gilashi mai tattara haske, a zura hoton da aka zana a kan gilashi, sai ya fito ƙato a jikin bango. Zanen da Huygens ya bari na wannan na'ura ƙwarangwal ne yana cire ƙoƙon kansa yana wasa da shi. Tun a waɗannan shekaru wani masanin Faransa ya laƙaba mata suna fitilar tsoro.

Wanda ya mayar da tsoron sana'a shi ne Étienne-Gaspard Robertson, mutumin Liège. A 1798 ya buɗe wasansa a Paris, garin da bai daɗe da fita daga zamanin sare kawuna na juyin juya hali ba, gida-gida ana makoki. Shekara guda bayan haka ya koma wani tsohon gidan ibada da aka ƙaurace wa. Sai an bi da 'yan kallo ta dogayen lunguna masu duhu kafin a kai su zaure, a rufe ƙofa, a kashe fitilu, a soma rugugin tsawa na ƙarya. Robertson yana ɓoye bayan wani siririn labule da fitilarsa a kan ƙafafun taya. In ya matsa kusa da labulen sai surar ta ƙanƙance, in ya ja baya sai ta yi ta girma kamar za ta faɗo kan mutane. Wani lokaci a kan hayaƙi yake haskawa, fatalwa ta tsaya a iska tana rawa. Ya nuna matattun juyin juya hali irin su Marat, har aka ruwaito cewa 'yan sanda sun taɓa dakatar da wasan saboda raɗe-raɗin zai iya tayar da Sarki Louis na 16 da aka sare wa kai. Mutanen Paris ke nan, shekara 150 kafin gobarar Kano. A 1801 irin wannan wasa ya tsallaka Landan, sunansa fantasmagoriya ya bazu ko'ina a Turai.

Littattafan da suka ciyar da fitilar

Robertson bai ƙirƙiri fatalwowinsa daga iska ba. A zamaninsa wani sabon salon adabi ne ke tashe, wanda ake kira Gotik saboda labaransa na faruwa cikin tsofaffin fadodi da majami'u masu irin wannan gini. Horace Walpole ne ya buɗe ƙofar a 1764 da The Castle of Otranto. Da farko ya ce fassara ce ta wani tsohon littafin Italiya da aka tsinta, sai a bugu na biyu ya amsa cewa nasa ne. A cikin labarin akwai hoton wani kaka da ke rataye a bango, wanda ya yi ajiyar zuciya, ya sauko daga allonsa ya taka ƙasa. Tun a littafin farko na wannan salo, abin tsoron shi ne hoton bango ya motsa.

Ann Radcliffe ta biyo da The Mysteries of Udolpho a 1794, Matthew Lewis da The Monk a 1796, kuma fatalwar mace mai jini a tufafi da ke cikin littafin Lewis tana daga cikin surorin da Robertson ke haskawa. Wani reshe na salon daga taskar Gabas aka aro shi. Tun 1704 Antoine Galland ya fara fitar da Dare Dubu da Ɗaya da Faransanci, littafin da mu ma muke da shi da Hausa. Daga tasirinsa William Beckford ya rubuta Vathek, wanda ya fito a 1786, labarin wani halifa da son sanin gaibu ya kai shi fadar Iblis. Ta wannan hanya gul, aljanin maƙabarta na labaran Larabawa, ya shiga adabin Turai.

A watan Afrilun 1815 dutsen Tambora na Indunusiya ya yi aman wuta, tokarsa ta dushe rana har daminar Turai ta 1816 ta zo da sanyi da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Wasu matasan Ingila suka maƙale a wani gida a bakin tafkin Geneva: mawaƙi Lord Byron, da likitansa John Polidori, da Percy Shelley, da Mary mai shekara 18. Suna rage dare da karanta wani kundin labaran fatalwa na Jamus mai suna Fantasmagoriana, wanda aka raɗa wa sunan wasan fitilar nan. Byron ya ce kowa ya rubuta nasa. Daga wannan zama Mary Shelley ta fitar da Frankenstein a 1818, labarin ɗalibin da ya haɗa sassan gawa ya tayar da halitta, ya kuma kasa ɗaukar nauyin abin da ya aikata. Polidori ya fitar da The Vampyre a 1819, labarin attajirin da ke rayuwa da jinin mutane. Fitila ta ciyar da littafi, littafi ya ciyar da fitila. Daga baya Robert Louis Stevenson ya kawo labarin Jekyll da Hyde a 1886, Bram Stoker ya kawo Dracula a 1897, ƙasa da shekara biyu bayan 'yan Lumière sun fara nuna fim ga masu biyan kuɗi a Paris ranar 28 ga Disambar 1895.

Daga takarda zuwa bango

Fim ɗin da ba ya magana dole ya nemi labarin da ido kaɗai zai gane, kuma babu wanda ya kai labarin tsoro. Inuwa da zare ido da rikiɗa ba sa bukatar tafinta. Na'urar ma kanta ta dace da aikin. In ka tsayar da kyamara ka cire mutum ka ci gaba da ɗauka, ya ɓace ke nan. In ka ɗauki hoto biyu a kan zare ɗaya, ka sami mutumin da ake hango bango ta cikin jikinsa. A 1896 Georges Méliès ya yi Le Manoir du diable, ɗan fim na kimanin minti uku, inda jemage ke rikiɗa ya zama shaiɗan a cikin tsohuwar fada. A 1910 kamfanin Edison ya yi Frankenstein na farko. Don nuna yadda halittar ta samu, sai suka ƙona mutum-mutumi suka juya zaren baya, aka ga nama na tattaruwa a kan ƙashi daga cikin wuta.

Jamusawa ne suka kai abin ƙololuwa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ƙasarsu ke cike da zawarawa da guragu. A The Cabinet of Dr. Caligari na 1920 fenti aka sa aka zana inuwoyi a jikin karkatattun bangaye. A 1922 F. W. Murnau ya fitar da Nosferatu, wanda Dracula ne aka sauya wa suna. Max Schreck ya fito a matsayin Orlok: kai ƙwal, kunnuwa masu tsini, haƙora biyu a gaba irin na ɓera, dogayen farata. Ya shigo gari ta jirgin ruwa da akwatunan gawa cike da ƙasa da ɓeraye, annoba ta biyo shi. A shekarun nan ne Sellers ke nuna wa mutanen Ikko ɓerayensa na gaske. Wurin da ya fi zama a zukatan masu kallo shi ne inda ba a ganin Orlok sam, sai inuwarsa tana hawan bene a jikin bango, yatsunta na tsawo har su kai ƙofa. Inuwar hannun ta sauka a ƙirjin matar da ke kwance, ta dunƙule, matar ta gantsare don zafi. Bahaushen da ya tashi da labarin maye mai kama kurwa ba ya bukatar mai sharhi a nan.

Kamfanin Prana da ya yi fim ɗin bai nemi izinin iyalan Stoker ba. Matarsa Florence ta kai ƙara, kamfanin ya karye, a 1925 kotun Jamus ta ba da umarnin a lalata duk kwafin da ke akwai. Amma wasu kwafi sun riga sun tsallaka iyaka, inda hukuncin bai kai ba. A 1929 aka nuna shi a Amurka, kuma daga ragowar kwafin da suka tsira a ƙasashe daban-daban masana suka sake haɗa fim ɗin da ake kallo yau.

Nan rabin amsar tambayarmu ta fito. Motar majigi ba ta kawo Dracula Shinkafi ba, amma ta kawo na'urar da aka yi shekara fiye da 250 ana rainonta da ƙwarangwal da fatalwa. Waɗanda suka kira ta dodon bango sun karanci halinta daidai, ba tare da sun san tarihinta ba.

Abin da ke cikin gwangwani

Saura rabin amsar, kuma shi ne mai ɗaci. Tun daga 1889 da kamfanin Eastman ya fara sayar da zaren fim, da sinadarin naitiret ake yin sa. Asalinsa auduga ce, irin wadda ake nomawa a gonakin Zamfara, a jiƙa ta da ruwan asid mai ƙarfi, a haɗa da kafur, ta zama leda mai sheƙi da ke lanƙwasuwa. Audugar da aka yi wa wannan jiƙo 'yar'uwar albarushi ce, domin da ita ake yin wani nau'in abin fashewa na yaƙi. Zaren naitiret yana ɗauke da iskar da wuta ke bukata a cikin jikinsa. In ya kama, rufe shi da bargo ko yashi ba ya kashe shi, yana iya ci gaba da ci ko a cikin ruwa, yana kuma fitar da hayaƙi mai guba da ke lalata huhu. In ya tsufa sai ya yi danƙo, ya yi wari, ya koma gari mai launin ƙasa, kuma gwaji ya nuna ruɓaɓɓen zare na iya kamawa da kansa a zafin da bai fi digiri 41 da yawa ba. Wanda ya san bazarar ƙasar Hausa ya san wannan ba wani zafi ba ne a wurinmu.

Irin wannan zare ne ake ja ta gaban fitila mai tsananin zafi, hoto 24 a daƙiƙa guda. Muddin yana gudu lafiya lau. In ya tsinke ko ya sarƙe ya tsaya gaban fitilar, cikin ƙiftawar ido ya kama, kuma kowane faifai na ɗauke da zare kusan mita 300, ga sauran faifan jibge a gefe. Shi ya sa dokokin sinima a ƙasashe da yawa suka wajabta ɗakin inji na ƙarfe ko kankare, da murfin da ke rufe tagoginsa, da ƙofofin fita masu buɗewa waje.

An koyi waɗannan dokoki ne da gawarwaki. Ranar 4 ga Mayun 1897 fitilar injin fim ta tayar da gobara a wata kasuwar sadaka a Paris, fiye da mutum 120 suka mutu, akasarinsu mata. A 1926 kyandir ya faɗi kan faifan fim a garin Dromcollogher na Ailan, mutum 48 suka rasu. Ranar 31 ga Disambar 1929 gwangwanin fim ya soma hayaƙi a sinimar Glen da ke Paisley a Sikotlan, yara suka ruga ƙofa, kimanin 70 suka mutu a turereniya. Babu wanda ya tsine wa waɗannan gidaje. Abin da ya haɗa su da El Duniya shi ne abu mai saurin kamawa da taro mai yawa a rufaffen wuri. Abin baƙin ciki, tun 1948 kamfanin Kodak ya fitar da sabon zare marar saurin kamawa, a farkon shekarun 1950 kuma ya daina yin na naitiret. Gobarar Kano ta auku ne a ƙarshen zamanin, lokacin da tsofaffin faifai ke ci gaba da zagaya ƙasashen da ake mulka.

Wutar da ta ci mutane ita ta ci fina-finan. A 1937 rumbun kamfanin Fox ya ƙone a New Jersey. A 1965 na MGM ya ƙone, ya tafi da kwafi na ƙarshe na London After Midnight, fim ɗin Lon Chaney na 1927 da har yau ake nema. Der Januskopf, wanda Murnau ya gina kan labarin Jekyll da Hyde a 1920, ya ɓace. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana, waɗanda jimillarsu ta kai kusan 11,000, sun salwanta gaba ɗaya.

Hukunci

Jita-jitar surar Manzon Allah (SAW) ba ta da tushe a kasuwar fim ta lokacin. An taɓa yunƙurin yin irin wannan fim a Masar a 1926, aka nemi ɗan wasa Yusuf Wahbi ya fito a ciki, malaman Azhar suka tashi tsaye, hukuma ta hana, ba a kuma yi shi ba. Sauran raɗe-raɗin kuwa, wanda ya wuni yana kwashe ƙonannun gawarwaki in ya kasa cin abinci ba ya bukatar wani bayani na gaibu. Firgici ne, kuma ɗan Adam ne.

Saboda haka alƙali ya yi gaskiya game da sababi, dattawa kuma ba su yi wauta ba da suka ji a jikinsu cewa akwai haɗari a wurin. Inda aka kuskure shi ne ɗora laifi a kan mamatan. Komai da ƙaddarar Allah yake, amma ƙaddara ba ta ɗauke alhakin wanda ya tara ɗaruruwan mutane kusa da abin da ya san yana kamawa, ko hukumar da ta ba shi lasisi. Malamai sun ruwaito cewa wanda ya rasu a gobara yana cikin waɗanda ake yi wa fatan shahada. Mutum 331 ɗin nan 'ya'yan wasu ne, addu'a suka cancanta daga gare mu. Kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa: gidajen kallon ƙwallo da ke cika maƙil a garuruwanmu, da rufin kwano da ƙofa ɗaya da janareta da jarkar fetur a bakin ƙofar, su ne ya kamata hukumomi da masu su su duba tun yau.

Akwai kuma wani aiki da ke jiranmu. Abin da aka ɗauka ya ɓace yakan dawo in an nema. Fim ɗin Méliès na 1896 a New Zealand aka gano shi a 1988. Frankenstein na Edison a hannun wani mai tara tsofaffin fina-finai a jihar Wisconsin ya ɓulla. Mu ma Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ba a ganinsa, sai aka tsinci faifansa cikin tsofaffin gwangwanaye na hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Sai dai tarihin majigi a arewacin Zamfara ba a gwangwani yake ba, yana cikin kawunan waɗanda suka zauna a ƙasa suka kalla. Yaron da ya ga Baban Larai yana ɗan shekara 10, yau ya kai 80 ko ya kusa. Ga shi rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da dama a yankunan Zurmi da Shinkafi, tsofaffi da yawa sun bar garuruwan da suka tashi.

Ina kira ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, da na jami'ar tarayya da ke Gusau, da kai mai karatu da ke da kaka ko tsohon maƙwabci: wayar da ke hannunka ta isa. Ka gaishe su, ka zauna, ka tambaye su inda motar majigi ke tsayawa, da abin da aka nuna, da abin da malamin unguwa ya ce, da yadda labarin El Duniya ya iso musu. Ka naɗi muryarsu, ka rubuta sunan gari da ranar da kuka yi hirar, ka kai kwafi laburare. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a gobarar, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara.